Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitocin Yara, Ungozomomi Da Masu Awon Yara: Kan Yaron Da Ya Ƙi Tsawo

Assalamu alaikum.

Ya ku 'yan'uwa abokan aiki, manyanmu da ƙannenmu, sannunku da ƙoƙari. Na rubuto ne a kan wani yaro da kowannenmu ya taɓa gani, ko ya gane shi ko bai gane ba. Shekararsa shida ko bakwai, amma in ka hango shi a layi sai ka ba shi uku. Ba ramamme ba ne. Yana da ɗan teɓa, kumatunsa a cike, goshinsa ya ɗan turo gaba, karan hancinsa a kwance, muryarsa siririya, haƙoransa kuma sun yi jinkirin fitowa. Uwarsa za ta ce maka ƙanensa ya kamo shi har ya wuce, kuma rigar da yake sawa tun shekara biyu da suka wuce har yau ba ta yi masa kaɗan ba. Amsoshin da muka saba ba ta ba su wuce uku ba: ai gado ne, a ƙara masa abinci, ko kuma zai miƙe in ya balaga.

Ba na musun cewa ga mafi yawan gajerun yara ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi ce daidai. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 ya nuna yara kusan miliyan 148 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka tsumbure a duniya, akasari saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya. Ita kuwa cutar yaron nan namu, wato ƙarancin homon ɗin girma, sinadarin da jiki ke fitarwa don yaro ya yi tsawo, ana ƙiyasta ta da yaro 1 cikin 4,000 zuwa 10,000. To ka ga yaron nan namu a cikin taron jama'a ya ɓuya, kuma kowa ya kalle shi sai ya ga kamar ya san labarinsa. Abin da ya sa na dame ku shi ne, in da cutar aka haife shi, gajartar ita ce alama ta ƙarshe da ta fito, kuma ita ce mafi sauƙin haɗari. Sauran alamomin sun wuce ta hannunmu tun yana cikin zanen goyo.

Abin da ake magana a kai wata 'yar tsoka ce mai suna fituwitari, tana zaune a wani ɗan gurbin ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can ciki daidai bayan hanci. Ko a jikin babba nauyinta bai wuce rabin giram da 'yan kai ba. Amma ita ce madugu uban tafiya a harkar homon. Ɓangarenta na gaba ne ke fitar da homon ɗin girma, da TSH mai tashin tayirod da ke wuya, da ACTH mai umartar adirinal da ke kan ƙoda ta saki kotizol, homon ɗin da ke tallafar jiki lokacin ciwo, da LH da FSH masu kula da balaga da haihuwa, da furolaktin na ruwan nono. Ɓangaren baya kuma shi ke ajiye homon ɗin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa a jiki. Ana iya haifar yaro ya rasa guda ɗaya tak, galibi na girma, ana kuma iya haifarsa ya rasa biyu, uku ko duka.

Yadda ake halittarta a ciki shi ke bayyana inda ya kamata mu duba. A makonnin farko na ciki, ɓangaren gaba yakan taso daga rufin bakin ɗan tayi ya nufi sama, wata 'yar jaka ce da Bajamushe Martin Rathke ya siffanta a 1838, na baya kuma ya sauko daga ƙwaƙwalwa, su haɗu a tsakiya. A wannan layi na tsakiya ne kuma, a lokaci guda, ake gina jijiyoyin gani da hanci da leɓe da rufin baki. In aka sami tangarɗa a ɗaya, sau da yawa maƙwabtansa ma sun taɓu. Shi ya sa jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagar rufin baki, ko yaron da haƙorinsa na gaba na sama ya fito guda ɗaya a tsakiya maimakon biyu, ya cancanci a tuna da fituwitarinsa.

Ku ungozomomi da ma'aikatan ɗakin jarirai, a hannunku maganar take farawa, tun ran gini tun ran zane. Sikeli ba zai gaya muku komai ba a ranar haihuwa, domin girman ɗan tayi ya fi dogara ga mabiyiya da insulin, homon ɗin girma bai karɓi ragama ba tukuna. Jaririn yakan zo da nauyinsa daidai, tsawonsa ma kusan daidai. Sai a kwana na biyu ko na uku a ga ya yi laushi, ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi sanyi, hannuwansa na karkarwa, wani ma har jijjiga. A soka masa diddige a ga sukari ya faɗi. A ɗaura ruwa mai sukari ya farfaɗo, a rage gudun ruwan ya sake faɗuwa. Nan take zuciyar kowa takan tafi ga ƙwayar cuta a jini, kuma hakan daidai ne, a ba shi maganinta. Roƙona ɗaya ne: in sukari ya ci gaba da faɗuwa bayan kwana biyu zuwa uku da haihuwa, a ɗebi jini a daidai lokacin da yake ƙasa, kafin ruwan sukari ya shiga jijiya. Daƙiƙu kaɗan ne aikin, ba zai jinkirta ceto ba. A auna sukari da insulin da kotizol da homon ɗin girma a wannan jinin. A makon farko na rayuwa homon ɗin girma yakan kasance a sama a jikin lafiyayyen jariri, don haka awo guda ɗaya yana da ma'ana, abin da ba zai ƙara yiwuwa ba nan gaba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin homon na yara ta Amurka ta fitar a 2016 sun yarda a tabbatar da cutar ba tare da gwajin tsokana ba, wato gwajin da ake zaburar da fituwitari da magani, in jariri mai faɗuwar sukari homon ɗinsa bai haura nanogiram 5 a mililita ba, kuma akwai wani homon na fituwitari da ya rasa ko hoto ya nuna nakasar da aka sani. Jinin da ba a ɗiba ba a wannan dare, shi ake nema da wahala shekaru shida bayan haka.

Sai ciwon shawara. Jaririn da ya cika wata tara in shawara ta wuce mako biyu a jikinsa, musamman in fitsarinsa ya yi duhu kashinsa ya yi fari-fari, toshewar hanyar matsarmama ce za a fara kawarwa, domin ita ba ta jira. Amma a cikin wannan jinin a haɗa da kotizol da T4, wato homon ɗin tayirod, saboda rashinsu ma yana hana hanta sakin ruwan matsarmama.

Akwai kuma alamar da kunya take cinyewa. Jariri namiji da mazakutarsa ta yi ƙanƙanta, ko marainansa ba su sauko ba, iyaye kan gani su yi shiru, mu ma mu gani mu kau da kai. Awon ba wuya: a danna kitsen mara har a taɓo ƙashi, a miƙe ta a hankali, a auna zuwa kan. In ba ta kai santimita 2.5 ba a jaririn da ya cika watanninsa, magana ta taso. Ƙaramar mazakuta tare da faɗuwar sukari kuwa, a ɗauka fituwitari ce har sai gwaji ya wanke ta. Kuma lokaci na da muhimmanci a nan, domin a watanni shidan farko LH da FSH da homon ɗin maza sukan tashi na ɗan lokaci a jikin jariri namiji, sannan su kwanta sai balaga. Wanda ya auna a wannan tsakani zai san gaskiya. Wanda ya bari ya wuce, sai ya jira shekara goma sha wani abu. 'Ya mace ba ta da wannan alama a fili, shi ya sa tata takan fi daɗewa a ɓoye.

Idon jariri ma abin kallo ne. In ya kai wata biyu ko uku ƙwayar idonsa na rawa, ba ya bin fuskar uwarsa da kallo, yana iya zama jijiyar gani ce ba ta cika ba. Wannan kan zo tare da nakasar tsakiyar ƙwaƙwalwa da ta fituwitari, haɗin da ake jingina wa likitan Suwizalan Georges de Morsier tun 1956. Irin wannan jariri in ya je wurin likitan ido aka tsaya nan, an yi rabin aiki. Haka wanda ya zo duniya ta ƙafa ko a zaune aka sha wuya, an daɗe da lura cewa irin wannan haihuwa ta fi yawa a tarihin masu wannan cuta. Ku rubuta duk waɗannan a katin yaro, don Allah, da rubutun da za a iya karantawa. Uwa ba za ta tuna adadin sukari ba bayan shekara shida, amma kati zai tuna.

Kada kuma gwajin tayirod na jarirai ya ruɗe mu a inda ake yin sa. Yawancin ƙasashe TSH suke aunawa, suna neman wanda nasa ya hau. Yaron da fituwitarinsa ce ba ta aiki, TSH ɗinsa ba zai hau ba, sai a rubuta masa lafiya lau. Ƙasar Holan da ke fara awo da T4 takan kamo irin waɗannan jarirai, kusan 1 cikin 16,000, kuma mafi yawansu sai a tarar ba tayirod kaɗai suka rasa ba.

Yanzu ga ku masu awo. Mun iya ɗora yaro a sikeli, amma tsawo mun mai da shi ɗan bora. Ko an auna, a tsaitsaye ake yi, da takalmi a ƙafa da tef a jikin bango. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi a kan allon awo, mutum biyu: ɗaya ya riƙe kai ya manna shi da katako, ɗaya ya miƙar da gwiwoyi ya turo allon ƙafa har ya taɓa diddige. Wanda ya wuce 2 a tsaye, ba takalmi, ba tulin kitso a tsakar ka, diddige da ɗuwawu da kafaɗa sun taɓa allo, ido na kallon gaba sosai. A auna sau uku a ɗauki matsakaici. Wani zai ce wannan ƙaƙale ne. To a lissafa: kuskuren santimita 1 tsakanin awo biyu da ke da tazarar wata uku, in aka mayar da shi na shekara ya zama santimita 4, wato mafi yawan abin da ake sa ran ɗan shekara shida zai ƙara a shekara. Da kuskure ɗaya an mai da mara lafiya lafiyayye.

Lambar kuma sai an ɗiga ta a jadawali take magana. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 an gina shi ne da yara daga Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, kuma abin da ya nuna shi ne yara ƙanana in sun sami kulawa girmansu kusan ɗaya ne ko'ina. Wanda ya faɗa ƙasa da layin -2 na wannan jadawali gajere ne, wanda ya faɗa ƙasa da -3 a bincike shi ba tare da jira ba. Amma ɗigo ɗaya bai kai biyu daraja ba. Yaro kan ƙara kusan santimita 25 a shekarar farko, kusan 12 a ta biyu, daga nan ya riƙa ƙara 5 zuwa 7 duk shekara har balaga. Ɗan makarantar da a cikin shekara guda bai ƙara santimita 4 ba, ko wanda ɗigonsa ke sauka daga layi zuwa layi, akwai dalili, ko da iyayensa gajeru ne. A bar aƙalla wata shida tsakanin awo biyu kafin a yanke hukunci.

Ita ma maganar gado ai ana lissafa ta. A auna uwa da uba, kada a tambaye su, don kowa yakan ƙara wa kansa. A haɗa tsawonsu, a ƙara 13 in namiji ne ko a cire 13 in mace ce, a raba biyu. Uba mai 170 da uwa mai 160, ɗansu ana sa ran ya tsaya kusa da 171.5, 'yarsu kusa da 158.5, da sassaucin kamar santimita 8 sama ko ƙasa. Mai gajartar gado yana tafiya a ƙasan jadawali amma bai saki layinsa ba, kuma inda ya nufa ya dace da na iyayensa. Namu yaron kullum ƙara nisa yake yi da layin.

Nauyi kuma shi ke raba gardama da yunwa. Yaron da abinci ya gaza masa, ko mai ciwon hanji, ƙoda, zuciya ko sikila, nauyinsa ne ke fara zubewa, tsawo ya biyo baya. Na homon kuwa tsawo ne ke tsayawa nauyi na nan, har ya fi ƙarfin tsawonsa. Duk da haka kafin a ambaci fituwitari sai an duba jini da ƙoda da hanta da fitsari da cutar siliyak. In mace ce a tuna da cutar Turner, wadda ke samun kusan 1 cikin 'ya'ya mata 2,500, kuma wani lokaci gajarta ce kaɗai alamarta. A nan zan ɗan yi ƙorafi: binciken da aka yi a Amurka ya nuna ana kai yara maza asibiti kan gajarta kusan ninki biyu na mata, kuma matan da aka kai sun fi gajarta, sun fi yawan samun cuta ta gaske. Ba jikin 'ya'ya mata ne ya fi lafiya ba, ido ne bai damu da tsawonsu ba.

Hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu yana nuna shekarun ƙashi. A wannan cuta ƙashi kan kasance baya da shekarun yaro, sau da yawa da shekara biyu ko fiye. Sai dai mai jinkirin balaga ma haka nasa yake, don haka hoton shaida ne, ba alƙali ba.

Kuskuren da na fi gani a takardun da ake turowa shi ne awon homon ɗin girma sau ɗaya da rana tsaka. Wannan ɓarnar jini ce. Homon ɗin a tsittsinke yake fita, mafi yawa da dare cikin barci mai nauyi, a tsakani kuma ko a jikin lafiyayye kusan babu shi. Abin da ake fara aunawa shi ne IGF-1 da IGFBP-3, waɗanda hanta ke yi bisa umarninsa kuma ba sa hawa da sauka cikin yini. Su ma a karanta su da hankali. IGF-1 yakan faɗi a yaron da ba ya samun abinci, da mai ciwon hanta, da mai ƙarancin tayirod, kuma a ƙananan yara dama can ƙasa yake, inda IGFBP-3 ya fi amfani.

Daga nan sai gwajin tsokana. Yaro ya kwana bai ci komai ba, a sa masa kanula da safe, a ba shi maganin da zai zaburar da fituwitari, gulukagon ko ajinin ko kulonidin ko insulin, a riƙa ɗibar jini duk bayan rabin awa har awa biyu ko uku. Ba wasa ba ne. Na insulin da gangan yake kayar da sukari, an taɓa rasa yara a kansa, bai kamata a yi shi ba sai inda akwai ƙwararru da kayan ceto, kuma ba a yi wa ƙananan yara. Na gulukagon ma sukari kan faɗi daga baya, kada a sallami yaro sai ya ci abinci an sake aunawa. Sakamakon kuma ba wahayi ba ne. An daɗe ana amfani da nanogiram 10 a matsayin iyaka, wasu ƙasashe kamar Birtaniya sun sauko kusa da 7, injinan awo ma ba sa ba da lamba ɗaya a jini ɗaya. Ƙiba tana danne sakamako. Lafiyayyen yaron da ke gab da balaga yana iya faɗuwa gwajin, shi ya sa ake ba da shawarar a ɗan ba shi homon ɗin balaga na 'yan kwanaki kafin a yi, ga namiji da ya wuce 11 da mace da ta wuce 10 in balaga ba ta fara ba. Saboda wannan rauni ne ake neman gwaji biyu, kuma ba a yin ko ɗaya sai an gyara tayirod. A ganina, in jadawalin girma da takardar gwaji suka saɓa, jadawalin da aka auna da kyau ya fi cancantar a saurare shi.

Duk wanda aka tabbatar masa sai an yi masa hoton MRI na ƙwaƙwalwa. A nan ake ganin abubuwa ukun da suka fi nuna cewa da ita aka haife shi: ɓangaren gaba ƙarami, igiyar da ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa siririya ko babu ita, ɓangaren baya kuma ya maƙale a sama bai sauko gurbinsa ba. Hoton yana kuma kawar da zargin ƙari a ƙwaƙwalwa, domin yaron da ya fara girma lafiya sannan ya tsaya, yana ciwon kai, amai da safe, gani na raguwa ko yawan ƙishirwa da fitsari, nasa labarin daban ne kuma na gaggawa. Gwajin ƙwayoyin gado yana da amfani in cutar ta maimaitu a gida ɗaya ko iyaye 'yan'uwan juna ne. Tangarɗar ƙwayar gado mai suna PROP1 ce aka fi samu a irin waɗannan gidaje, POU1F1 kan ɗauke homon ɗin girma da TSH da furolaktin, LHX3 kan zo da wuyan da ba ya juyawa sosai. Amma a mafi yawan yara ba a gano komai, kuma rashin wannan gwaji bai hana magani.

Maganin girma yana nan. Tun 1958 Maurice Raben ya fara yi wa yaro allurar homon da aka tatso daga fituwitarin mamata, aka daina a 1985 da aka gano yana iya ɗauko cutar ƙwaƙwalwa mai kisa, a shekarar kuma aka amince da wanda ake haɗawa a masana'anta. Yaron da aka fara wa da wuri yana iya kai tsawon gidansu. Wanda aka kawo bayan bakin ƙashi ya rufe, allura ba za ta ƙara masa komai ba.

Sai dai ina roƙonku kada tsawo ya ɗauke mana hankali daga abin da ke kisa. Kafin a yi zancen allurar girma, a san matsayin kotizol da T4. In duka biyun sun gaza, haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, shi ake fara bayarwa sannan maganin tayirod, domin in aka juya tsarin, maganin tayirod zai ƙone ɗan kotizol ɗin da ya rage yaro ya faɗi. Bayan an fara haidirokotizon a sa ido kan fitsari da ƙishirwa, don yakan tona ƙarancin homon ɗin riƙe ruwa da ke ɓoye. Allurar girma ita ma takan tona ƙarancin tayirod da na kotizol. Kuma sakamakon bana ba ya wanke baɗi: mai PROP1 yana iya rasa ACTH bayan shekaru masu yawa, har bayan ya girma, haka mai yankakkiyar igiya yana iya farawa da rashin homon ɗaya ya ƙare da huɗu. A riƙa maimaita awo lokaci-lokaci, a kuma jira balaga da ido buɗe, mace in ta kai 13 ba alamar nono, namiji in ya kai 14 marainansa ba su fara girma ba.

Iyayen yaron da ke shan haidirokotizon kuma kada su bar gabanku sai sun iya abu uku da hannunsu: ninka magani in zazzaɓi ya kama shi, yi masa allurar gaggawa a cinya in yana amai ko ya fara fita hayyacinsa, da nuna katin da ke ɗauke da sunan cutarsa ga duk ma'aikacin da suka tarar a ɗakin gaggawa. Ku kuma da za a miƙa wa katin da tsakar dare, a yi allurar tukuna, a auna sukari, tambayoyi su biyo baya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan aiki.